Ranar da Aka Auna Musbahu

Ni A'i, tuwo nake sayarwa a Al Sabkha, a wani ɗan lungu bayan tashar bas, hawa na biyu. Duk Bahaushen da ya zo Dubai sarin kaya, in shinkafar Indiyawa ta ishe shi, wurina yake ƙarewa. Saboda haka in na ce na san Musbahu, ba sanin gaisuwa nake nufi ba. Ni na gina shi, malmala bayan malmala.

Sana'ar Musbahu ɗaurin kaya. In ɗan kasuwa ya yi sari har ya wuce kilon da jirgi ya ba shi, Musbahu ake kira. Ya zo da igiya da salatif, ya danne, ya matse, ya zauna a kan akwati har zif ya rufe. Abin da ya ƙi shiga akwati kuwa, sai ya sanya wa mai kayan a jiki. Da idona na ga wata Hajiya da ta shigo garin nan siririya, Musbahu ya raka ta filin jirgi sanye da abaya bakwai, gyaluluwa a ƙugu, takalman yara a hammata, tana tafiya kamar an yi wa katifa ƙafafu. Ta kuma wuce lafiya lau. Tun daga ranar ba a zama da shi bai faɗi maganar nan tasa ba:

"Ku riƙe wannan daga bakina. A filin jirgi jaka ake aunawa. Ba a auna mutum."

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma a bakin Musbahu, babu jirgin da ke tashi daga Dubai zuwa Kano ba da saninsa ba. Matuƙa jirgi duk abokansa ne. Akwai ma wanda ya taɓa kiransa daga sararin samaniya yana tambayarsa ta ina zai bi. Mun saba, muna jinsa kamar yadda muke jin ƙarar iyakwandishan.

To sai Allah ya jarrabe shi da son Ummulkhair. Nas ce a wani asibiti, mijinta ya rasu shekarun baya, takan zo cin tuwo ranar hutunta. Mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana, abin da ya yi wa Musbahu daidai tunda shi ba ya barin kowa ya yi. Wannan son kam ba cika baki ba ne, ni shaida ce. Mutumin da ke share malmala huɗu, duk ranar da take shagon biyu kawai yake iya ci. Da ya yi mata maganar aure sai ta ce ita ba ta da ta cewa, magana tana hannun Baffa Ɗalhatu, ƙanin mahaifinta, wanda ya riƙe ta.

Cikin watan Janairu na 2019 Baffa Ɗalhatu ya zo Dubai a duba masa ido. Dattijo ne dogo, mai jiki, mai magana ɗaya-ɗaya. Musbahu ya tare shi a ƙofar masallaci, ya gyara murya, Baffa ya dubi agogo ya ce bari ya sabunta alwala. Ya bi shi asibiti da lemo da ayaba, ya gyara murya, Baffa ya ce bari ya sabunta alwala. Ya kawo shi shagona, na zuba masa miyar kuka da man shanu, Musbahu ya gyara murya, Baffa ya tambaye ni ina buta. Ga shi kuma ranar Lahadi tsohon zai koma Kano, kuma kowa ya san in ya tafi bai ce komai ba, maganar ta mutu.

Ranar Talata Musbahu ya shigo yana walƙiya, shago cike da mutane.

"Hajiya A'i, zuba huɗu. Na gano maganin tsohon nan. Jirgi zan ɗauka shata."

Halliru mai shagon turare, wani siriri wanda Allah ya halitta musamman don ya riƙa tanka wa Musbahu, ya ɗago kai daga kwanonsa.

"Na ruwa? Wanda ke tsallaka da mu Bur Dubai a dirhami ɗaya?"

"Na sama, habibi. Ƙarami, na masu hali, irin wanda Turawa ke hawa lokacin sanyi su zaga gari suna kallon benaye ta ka. Ni, Baffa, Ummulkhair, sai direba. In muka lula muka shige gajimare, sai in gyara murya. In ga inda zai je ya yi alwalar."

Tsakani da Allah, ni kaina sai da na ga kamar akwai hankali a ciki, kuma abin da ya fara tsorata ni ke nan.

"Kai ba ka san manya ake turawa ba?" in ji Halliru. "Wa ya taɓa neman aure da bakinsa?"

"Manyana suna Kano. A nan ni ne babba."

"Wannan kam ko makaho ya shafa ya ji."

Musbahu bai kula shi ba. Ya ciro waya, ya kira kamfanin jirgin, ya buɗe murya yadda har masu wanke-wanke za su ji. Wata mata ta ɗauka, ta tambayi sunaye, ya faɗa. Ta tambayi nauyin kowa. Ya ƙiyasta na Baffa, ya faɗi na Ummulkhair, yadda aka yi ya sani kuwa, oho. Da aka zo kansa sai ya shafa tumbi, ya ce da Turanci, kilo saba'in da biyar.

"Ƙafar dama ko ta hagu?" in ji Halliru.

Musbahu ya toshe wayar da hannu. "Tambayar ladabi ce, jahili. Ba a auna mutum."

Matar ta ƙara da cewa ba a hawa da jaka ko ƙunshi, daga mutum sai wayarsa. Musbahu ya ce mata ba damuwa, ya kashe, ya kanne mana ido ɗaya.

"Ni za a gaya wa ba a hawa da kaya? Ni?"

Sanyin Dubai dai kun san shi. In ban da Larabawa da ke zumuɗinsa, ba abin da zai sa mutum ya nemi bargo na biyu. Amma Musbahu ya ce wannan na ƙasa ne. A cewarsa, duk hawa ɗaya na bene sanyi ƙaruwa yake, to a lissafa Burj Khalifa, su kuma ta samansa za su bi. Ƙanƙara ce zalla a can. Ya san wani matuƙi da ya leƙa ta taga kunnensa ya guntule. Washegari ya shiga wurin masu sari ya fito da manyan kwat guda uku masu gashi a wuya, irin waɗanda ake ɗaure wa 'yan Rasha, da hulunan sanyi da safar hannu.

Mu kuma kun san halinmu, ba ma barin mutum ya hau jirgi hannu rabbana, ko da zagayawa zai yi ya dawo inda ya tashi. Na yi dambun nama cike da roba. Mero, maƙwabciyata mai sayar da fura, ta kawo kilishi. Wani ya kawo dabino, wani ya kawo zuma. Musbahu ya ƙara da filas biyu na shayi mai kanumfari, da kofuna, da sallaya, da bargo saboda gwiwar Baffa. Ya sa aka nemo masa ƙwaryar goro sabon zuwa daga Kano da alawa, don da zarar Baffa ya ce na ba ka, a fara rabo tun daga sama. Daga ƙarshe ya sayi buta sabuwa fil, ya cika ta da ruwa, ya toshe bakinta da leda.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"In ya ce alwala, in ce ga ruwa, Baffa, bismilla."

Ya kai babbar rigarsa wurin wani tela ɗan Pakistan a Al Satwa, aka yi mata aljihuna ta ciki, gaba da baya da gefe. Telan ya ce shi tunda yake ɗinki bai taɓa yi wa mutum aljihu a tsakiyar baya ba. Musbahu ya ce ai shi ya sa har yanzu yake Satwa.

Saura rakiya. Musbahu ya bi shago-shago yana gayyata, a zo a ga yadda ake tashi. Dikko, wani direban bas ɗin leburori daga Muhaisnah, ya ce ranar Asabar ba ya aiki, zai kwashe mu. Na rufe tukunya, Mero ta rufe firji, Halliru ya rufe shago, ya ce ko gobara ake yi a Deira, inda shagunanmu suke, ba zai rasa wannan ba.

Ranar Asabar da hantsi aka shirya Musbahu. Na ce aka shirya shi, domin maza uku ne suka yi aikin, yana tsaye yana ba da umarni. Bargo a naɗe a ciki, sallaya a ƙirji, filas ɗaya a kowace hammata, dambu da kilishi a gefe, goro a baya, buta a rataye a ƙugu. Aka ɗora babbar riga, aka ɗora kwat, aka kafa hular sanyi. Da ya zo saukowa daga bene, a karkace ya sauko, duk taku ɗaya sai ka ji ƙulum, ruwan buta na amsawa.

Muka biya muka ɗauki Baffa da Ummulkhair. Baffa ya fito sanye da nasa kwat ɗin a kan kaftani, ya ja zif har wuya kamar yadda aka umarce shi, rana kuwa tana dukan kwalta. Ummulkhair ta riƙo nata a hannu. Musbahu bai iya zama ba, don haka yana tsaye a tsakiyar bas ya kama ƙarfe, gumi na bin gemunsa. Baffa ya dube shi daga sama har ƙasa da sabon idonsa.

"Malam Musbahu, lafiya? Shekaranjiya ba haka na bar ka ba."

"Sanyi ne, Baffa. Haka yake yi mini, sai in ɗan tasa."

"Allah ya sawwaƙe."

"Amin, Baffa."

Ummulkhair ta juya tana kallon taga, ta toshe baki da gyale. Kafaɗunta kawai nake gani suna motsi.

Filin yana can bayan gari cikin rairayi, ɗan fili ne da rumfa da ƙaramin masallaci. Muna sauka aka kira azahar. Baffa ya ce a yi salla kafin a hau, wannan karon da gaske yake. Musbahu ya nufi famfo, ya yi niyyar sunkuyawa, filas suka tokare shi. Ya ɗaga ƙafa, buta ta yi ƙara. Ya miƙe.

"Baffa, ni matafiyi ne. Zan haɗa da la'asar in mun sauka."

"Tafiyar ina?"

"Sama."

Baffa ya ce Allah ya kai mu, ya shige masallaci.

Bayan salla aka nuna mana jirgin. Yana tsaye can gefe, fari, da farfela ɗaya a hanci, bai kai rabin bas ɗin Dikko ba.

"Wannan ne," in ji Mero, "ko uwarsa na tafe?"

"A Daidaita Sahu ce aka sa wa fiffike," in ji Halliru.

"Ƙarami ya fi tsada," in ji Musbahu. "Ku talakawa ba za ku gane ba. Yalla, Baffa, bismilla."

Aka tsayar da mu 'yan rakiya a bayan wata igiya, taku kaɗan daga rumfar, muna ganin komai. Wata 'yar Filifin mai fara'a ta fito, na gane muryarta, ita ce ta waya. Ta gaishe su, ta sunkuya ta jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur. Sikeli ne, faffaɗa, irin wanda ake ɗora buhun shinkafa. Ta ce ɗaya bayan ɗaya.

Musbahu ya yi dariya irin ta manya, ya buɗe hannuwa iya inda filas suka bari.

"Madam, ba mu da jaka. Duba. Babu kaya."

"Ba jaka ba, yallaɓai," in ji ta. "Kai."

Halliru ya cire hularsa a hankali ya riƙe a ƙirji.

"Allah na gode maka da ka raya ni na ga yau," in ji shi.

Baffa ya hau, aka duba, aka ce madalla. Ummulkhair ta hau, aka ce madalla. Musbahu ya tsaya yana yi wa matar bayani cewa shi ya fi shekara goma yana harkar jirgi, babu ƙasar da ake auna ɗan Adam, wannan cin mutunci ne, zai kira abokinsa matuƙi. Matar ta ci gaba da murmushi tana nuna sikeli. Daga bayan igiya wani ya ɗaga murya, "Hau mana, ai ba a auna mutum!" Jama'a suka amsa baki ɗaya kamar an koya musu.

Ya hau. Sikelin ya yi ƙyafta-ƙyafta, ya ɗauke wuta. Matar ta kunna shi, ya dawo, ya nuna abin da ya nuna. Fara'arta ta ragu. Ta kira matuƙin, wani dogon Bature mai jan wuya. Ya dubi sikeli, ya dubi Musbahu, ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa masa gefen ƙirji. Muka ji ƙwal.

"Mene ne wannan?" in ji Bature.

"Ƙirji ne."

Daidai nan ledar bakin buta ta gaji. Ruwa ya biyo ƙafar wandon Musbahu, ya sauka a kan sikeli, ya gangara ƙasa a natse, ya nufi takalmin Baffa. Baffa ya matsa gefe ya ba shi hanya.

"Buta ce!" Musbahu ya yi ihu yana duban Ummulkhair. "Wallahi tallahi buta ce!"

Bature ya ce ko a fito da duk abin da ke ciki, ko a fasa tashi. Halliru bai jira an kira shi ba, ya tsallake igiya ya ce shi ɗan'uwansa ne, zai taimaka. Ya cire masa kwat, ya zura hannu cikin babbar riga, ya riƙa zaro kaya yana ɗagawa sama yana shela, sai ka ce ana buɗe lefe.

"Filas, ɗaya! Ga ƙanwarta! Sallaya, 'yar Turkiyya! Kilishi, jama'a a gani da kyau! Zuma! Bargo!"

Duk abin da aka ɗaga sai Mero ta rangaɗa guɗa. Wasu Turawa da ke jiran nasu jirgin suka ɗauka al'ada ce, suka fara tafi. Kaya suka taru a gaban rumfa har suka kai gwiwa, Musbahu yana ta raguwa a gabanmu yana cewa shwaiya shwaiya, a yi a hankali da zumar.

Da Halliru ya zagaya baya ya ja, aljihun nan na tsakiyar baya ya yage. Goro ya zube, fari da ja, ya gangara ko'ina, ya bi ta ƙarƙashin igiya har ƙafafunmu, alawa na biye da shi. To Bahaushen da ya yi wata da watanni bai ga ɗanyen goro ba, me kuke tsammani? Kafin ka ce wani abu kowa ya duƙa. Dikko ya ɓare ɗaya ya jefa a baki, bakinsa kuma ya faɗi abin da ya saba faɗa in ya ci goron biki.

"Allah ya sanya alheri!"

"Amin!" in ji jama'a.

"Alherin me?" in ji Baffa.

Bai ɗaga murya ba, amma har Turawan sai da suka daina tafi.

"Goron wa kuke ci? Wa aka ba wa wa?"

Dikko ya ciro ɓarin da ke bakinsa, ya haɗa da ɗayan, ya rasa inda zai kai shi, ya sa a aljihu. Ummulkhair ta sunkuyar da kai. Wallahi na ji mata kunya har cikin raina, an raba goronta a bainar jama'a ba a ko tambayi waliyyinta ba. Shi ma Musbahu ya ba ni tausayi. Tunda na san shi, ranar ce kawai na ga bakinsa a buɗe ba magana a ciki.

Aka cire babbar rigar, ya rage daga shi sai singileti da jiƙaƙƙen wando da safa. Ya sake hawa. Matar ta karanta a fili, ɗari da goma sha takwas.

"Ashe saba'in da biyar ɗin ta ƙafar hagu ce," in ji Halliru.

Nan bakin Musbahu ya dawo. Ya cire agogo. Ya cire zobe. Ya cire safa. Ya fesar da duk iskar cikinsa ya ƙame. Ya ɗage ƙafa ɗaya. Sikeli bai san yana yi ba. Bature ya yi bayani cewa jirgin yana da iyakar abin da zai ɗaga, da dattijon nan da wannan bawan Allah ba za su tashi tare ba. Musbahu ya ce a rage mai. Bature ya ce a'a. Musbahu ya ce to shi Baturen ya sauka, ai shi Musbahu ya san hanya.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Bature. "Ko kai, ko shi."

Musbahu ya dubi jirgi, ya dubi Ummulkhair, ya dubi Baffa. Ya sauko daga kan sikeli.

"Baffa ya hau," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "A ba shi bargon, saboda gwiwarsa."

Baffa ya ce kujerar ba za ta tashi ba kowa ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, Halliru har ya fara gyara hula, sai idon tsohon ya tsaya a kaina.

"Hajiya, ke kika ciyar da shi. Zo ki zauna a wurinsa."

Ni da nake dafa wa mutane ƙiba ban taɓa samun rabona ba. Na hau sikelin, ko gezau bai yi ba. Kafin in ce ina da hawan jini an ɗaure ni a kujera, an kifa mini wani abu a kunnuwa wanda muke jin juna da shi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, da jirgin nan ya bar ƙasa duk addu'ar da na sani sai da na karanta, har da ta shiga kasuwa. Ƙanƙara kuwa ko ta sanya wa a lemo ban gani ba. Zafi ne a ciki kamar gindin murhu, rana ta gilashi tana gasa mu. Baffa ya tuɓe kwat ya zauna a kansa. Da na samu na buɗe ido ɗaya, sai ga teku shuɗi, ga tsibirin nan da aka yi kamar bishiyar dabino, ga benaye a tsaitsaye muna kallon tsakiyar kansu. Baffa yana gaba kusa da Bature, yana ta kallo hankali kwance. Can sai na ji ya gyara murya a cikin kunnena.

"Ummulkhairi."

"Na'am, Baffa."

"Na ji an ce a nan sama ba inda mutum zai tashi ya je. Tunda na zo garin nan nake tambayarki, kina ce mini duk abin da na ce. Ni kuma ba zan amsa wa mutum ba ke ba ki amsa mini ba. Alwala har ta fara sa mini mura. Kina son mutumin nan?"

Sai da muka wuce wani dogon bene sannan ta amsa.

"Baffa, ka ga bargon nan? Sau ɗaya na taɓa ce masa gwiwarka ba ta son sanyi."

"Ba bargo na tambaye ki ba."

"Ina sonsa, Baffa."

"Da ƙaryar tasa?"

"Ƙaryarsa ba ta taɓa cutar kowa ba sai shi."

Na ji hawaye ya zo mini, amma ban saki kujera na share ba. Baffa ya ɗan waiwayo.

"Hajiya, malmala nawa yake ci?"

"Huɗu, ranka ya daɗe. Ranar da take shagon, biyu."

Ya gyaɗa kai, ya koma kallon teku har muka sauka.

Muka tarar Musbahu ya mayar da babbar riga, aljihuna na reto fanko, ya hau kan tulin kayansa yana yi wa jama'a jawabi. Wai shi da ma tun da ya ga farfelar ya san ba ajinsa ba ne, shi ya saba da manyan jirage, da gangan ya bar wa mata da tsofaffi. Yana ganin Baffa, sai ya diro daga kan tulin ya durƙusa.

Baffa ya tsaya a gabansa, ya jira aka yi shiru.

"Malam Musbahu, an ce mini wani mutum mai kilo saba'in da biyar yana neman 'yata. Jama'a, akwai wanda ya ji?"

"Mun ji!" in ji rabin Al Sabkha.

"To na ba shi. Shi na ba. Ranar da ka gan shi, ka turo shi Kano da manyansa. Zan ajiye sikeli a zaure."

Mero ta buɗe baki za ta yi guɗa, ta rasa ko ta yi ce ko ta bari ce. Musbahu kuwa, ɗan kasuwa ne har a durƙushe.

"Baffa, a duba. Ɗari da biyar."

"Albarka."

"Ɗari cif, Baffa, don girman Allah. Ƙashina ne mai nauyi."

"Albarka."

Sai Ummulkhair ta yi magana, kanta a ƙasa, amma kowa ya ji.

"Tamanin da biyar, Baffa. A tsawonsa hakan ya yi."

Baffa ya dube ta, ya dube shi.

"Na sallama," in ji shi. "Dikko, ciro goron nan ka ƙarasa."

A duk wannan sha'ani ni aka cuta. Washegari Baffa ya tafi, kwana ɗaya bayan tafiyarsa Ummulkhair ta zo har kicin ta ja ni gefe, ta ce rabin malmala, miya ba mai, nama yanka ɗaya. Yanzu kullum da safe Musbahu na can bakin ruwa yana sassarfa cikin kwat ɗin 'yan Rasha don ya yi gumi, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa kamfanin jirgi ne ya roƙe shi ya shirya, za su ba shi tuƙi.

Jiya ya shigo sanye da babbar rigar nan, ya cinye rabin malmalarsa, ya lashe kwano, ya tashi ya wuce ta gaban kular tuwo a karkace. Yana kaiwa ƙofa na ga tururi na fita ta wuyan rigarsa. Halliru ne ya yi magana, ko ɗago kai bai yi ba.

"Musbahu, ana auna mutum fa."

Musbahu ya tsaya. Ya zura hannu cikin aljihun ƙirji, ya ciro malmala cikin ledarta, da zafinta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dawo, ya buɗe kular, ya mayar da ita da hannunsa, ya rufe.